A Kawo Ido Kafin Juma'a

Ruwan Godiya, ranar Asabar

Zuwa ga ɗana Istifanus mai gyaran gem, bakin tashar Ƙanƙara.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Ni ce Saudatu, uwar yaronka da ka koya wa gyara har ya buɗe shagon gem a Sheme. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunanshi ba, amma tunda takarda ce zan rubuta don kada ka ruɗe: Mas'ud. Ka yi haƙuri da rubutun, da girmana na koya a ajin manya.

Ga yadda gida yake. Malam maigidana yana kwance, harsashi ya fasa mashi cinya. Hamida autata jikinta lafiya, amma ta daina magana. Nana Aisha da ke aure a Sabuwa ba mu da labarinta tun da aka ɗauke sabis ɗin waya. Tsohuwa uwar Malam tana nan ƙalau don ba a gaya mata komai ba. Ni ma ina tsaye. Yaronka kuwa yana hannun mutanen daji.

Ranar Alhamis bayan la'asar suka shigo Sheme a kan babura. Samari na cikin shagon suna buga ƙwallo, ihun talabijin bai bar su sun ji harbin farko ba. Muhammad Awwal, ɗan maƙwabciyata Hajiya Khadijatu, abin wasan yana hannunshi aka harbe shi a wuya, jininshi ya wanke gilashin talabijin. Da suka shiga ba su nemi kuɗi ba. Cewa suka yi, wane ne makanikin gem? Malam ya je kai wa yaronka masara ne ranar, sai ya riƙe rigar yaron ya ƙi saki, shi ne suka harbe shi suka banƙare yatsunshi.

Yau da hantsi suka sako Zulaihatu matar mai chemis da suka tafi da ita tare, ƙafafunta duk sun kumbura. Ko ruwa ba ta sha ba ta shigo wurina ta ce, “Inna, babbansu ya ce a kawo ido kafin Juma'a. In ba a kawo ba zai cire na yaron.”

Na ce mata in ido ne ga nawa, na hagun tuni ya fara hazo, a nemo wanzami. Wallahi da gaske nake. Ta ce, “A'a Inna, shi yaron ya ce ki rubuta wa ogansa na Ƙanƙara, ki ce idon gem, zai gane.” Wai sun sato wani gem a wani gari, suna kunna shi da sola a ƙarƙashin bishiya, ya daina yi, shi ya sa suka zo neman mai gyara.

Ni ban san gem yana da ido ba. Shekara da shekaru ina yi mashi faɗa a kan abin nan, ban taɓa tsayawa na kalle shi ba. Ka gaya min mene ne, a ina ake sayar da shi. Ɗanhausa direba zai kawo maka takardar nan. Don Allah ka ba shi amsa kafin Talata.

Na bar ka lafiya.
Saudatu

Ƙanƙara, Litinin

Inna,

Barka da war haka. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune. Allah ya ba Baba lafiya, ya dawo mana da Mas'ud. Jiya a coci na sa an yi mashi addu'a da sunanshi.

Ki bar idonki inda yake, Inna. Idon gem wani ɗan gilashi ne bai kai ƙwayar masara ba, yana zaune a kan ƙarfe a cikin injin. Shi yake karanta faifai. Irin waɗannan tsofaffin gem ɗin da ake kira PS2, duk sauran jikinsu kamar jaki suke, ido ne ke fara mutuwa. Sabo kuwa an daɗe da daina kawowa. Abin da muke yi, mu sayi wanda ya mutu, mu a nan gawa muke ce mashi, mu farke, mu cire abin da ke da sauran rai mu sa wa wani.

Matsalar ita ce iri biyu ne, akwai ƙatuwa akwai siririya, kuma idon wannan ba ya shiga waccan. Zulaihatu ba ta faɗi wacce ce ba? Na yi caca na zaɓi na siririya don ita ta fi yawa a ƙauyuka. Gawa uku na farke tun safe kafin na samu mai kyau. Na gwada shi da faifan ƙwallo, ya karanta ba gardama.

Yana cikin gwangwanin man zafi, na naɗe shi da auduga. Kada kowa ya taɓa gilashin da yatsa. Kada ki ce za ki goge mashi ƙura da bakin zani, na san halin iyaye mata. Yadda ya zo haka za a kai.

Mas'ud yana da hannu. Ya fi ni haƙuri da ƙananan noti, ni ina zagi, shi kuwa yana waƙa. In idon ya isa hannunshi, kafin a dafa shayi ya gama. Ba na son ko sisi, kada ma ki fara.

Naki,
Istifanus

Ruwan Godiya, ranar Talata

Ɗana Istifanus,

Ina gaisuwa. Idon bai iso ba, kuma Ɗanhausa yana asibiti a Faskari.

A shingen 'yan sa-kai kafin garinmu aka tsayar da motarshi. Suna bincike suka ga gwangwanin a aljihunshi, suka ce mene ne wannan. Shi kuma bawan Allah bai iya ƙarya ba, ya ce, “Ido ne, za a kai wa mutanen daji.”

Ba su bar shi ya ƙara kalma ba. Fasinjoji sun ce ihu aka yi, ga mai cire idon mutane, ga infoma. Suka jawo shi ta tagar mota suka kwantar a kan kwalta, wannan da gora, wannan da gindin bindiga. Sun karya mashi hannu a wuri biyu, haƙoranshi na gaba sun zube, wani ya tsinto su ya ƙulle mashi a hula. Da suka buɗe audugar ba su ga idon mutum ba, sai abin ya ƙara lalacewa. Ɗaya ya ce kyamara ce ta leƙen asiri, ana ganinsu ta ciki yanzu haka. Suka aza shi a kan dutse suka daka. Limaminmu ne ya zo wucewa ya shaide shi, ba don haka ba da gawarshi za a kawo.

Ban ga laifinsu duka ba, kowannensu ya binne wani nashi a bana. Amma na je na ga matar Ɗanhausa, na kasa ɗaga kai.

Na sake tambayar Zulaihatu. Ta ce ita dai baƙin abu ta gani a kan tabarma, ba ta san ƙato ko siriri ba, kanta a sunkuye yake.

Babu direban da zai sake ɗaukar min saƙo. Gwaggonka Kyauta mai daddawa ce ta yarda ta sa takardar nan a ƙasan kwandonta, amma ta rantse ba za ta ɗauki ƙarfe ba. Don haka a nan zan nema. Gem ɗaya na sani a garin nan, na marigayi Muhammad Awwal, yaronka ne ma ya sayar mashi bara. Yana ɗakin uwarshi. Ban san da wane baki zan tambaye ta ba, amma zan je.

Ka koya min yadda ake gane mai rai. Ka rubuta dalla-dalla, kamar kana koya wa wanda bai san komai ba. Gobe Kyauta za ta juyo, kada ta dawo hannu wofi.

Saudatu

Ƙanƙara, Laraba

Inna,

Na ji. Ni ma jiya an zo an zazzage min shago ana neman kyamara, an tafi da gawa biyu a matsayin shaida. Allah ya ba su sa'ar kunna su.

Ga yadda za ki yi. Kada ki buɗe injin. Tunda ba mu san irin tasu ba, ki kai ta ɗungurungum, ko wacce iri ce za ta yi.

Ki je wurin mai chemis, yana da sola da talabijin, ya haɗa miki wayoyin. Jar wuta za ta kama a gaba. Ki danna wurin, ta koma kore. In ba ta koma ba, gawa ce, ki bar ta. In ta koma, ki sa faifai, sannan ki kara kunnenki a jikinta kamar kina sauraron cikin mai juna biyu. In kika ji shuu a hankali, lafiya. In kika ji ƙas, ƙas, ƙas, ido ya gaji, yana nema yana rasawa. In talabijin ya yi ja, bai karanta ba ke nan.

Kada ki gwada da faifai mai kyau kaɗai. Ki nemi wanda ya fi kowanne ƙarzuwa, don na dajin ba a cikin kwali suke ajiye su ba. In ta karanta, ki bar ta tana yi gwargwadon dahuwar wake, sai ki taɓa bayanta. Ɗumi ba laifi. In ta ƙona hannu, fanka ta mutu.

Akwai wani ɗan baƙin abu da ake sokawa a gaba, memori. Nan mai gem yake ajiye inda ya tsaya. Ba dole ne a tafi da shi ba.

Inna, ki nemi namiji ya kai. Kada ki shiga dajin nan da kanki, ina roƙonki.

Istifanus

Ruwan Godiya, ranar Lahadi

Ɗana Istifanus,

Ina gaisuwa. Na ga yaronka. Yana da rai. Sauran ka karanta a hankali.

Ranar Alhamis na shiga wurin Hajiya Khadijatu, tana zaune a tabarmar gaisuwa. Na durƙusa na gaya mata. Ta dube ni ta ce, “Saudatu, shekara nawa muna ɗebo ruwa a rijiya ɗaya? Waɗanda suka fasa wuyan ɗana, su zan aika wa abin wasanshi su yi nishaɗi? Tashi ki fita kafin in manta ke wace ce.” Na fita. Da Juma'a na koma da asuba, ba ta buɗe ba. Na zauna a zaurenta har aka sauko daga masallaci, har rana ta faɗi. Ina jin motsinta a ciki.

Jiya Asabar da sassafe sai ga ta a tsakar gidana da abin a cikin zanin sallarta. Ƙatuwar ce. Na kawo maganar kuɗi, ta ce in na sake za ta koma da shi.

Muka tafi wurin mai chemis tare. Wuta ta koma kore. Na kara kunne, shuu na ji, da ɗan ƙas sau ɗaya a farko. Na sa faifan da ya ƙarzu, ta yi jinkiri, ta karanta. Sai 'yan ƙwallo suka fito, ga sunan ƙungiyar a sama, AWWALU, shi ya sa mata. Ni na karanta wa Hajiya don ita ba ta yi ajin ba. Ta ce, “A ina sunan yake zaune?” Na nuna mata memorin. Ta zare shi ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce, “Wannan ba za su taɓa shi ba. Ɗauki sauran.”

Ka ce in nemi namiji. Wanne? Ƙatuwar na goya a baya da majanyi, na rufa hijabi. A shinge wani yaro mai bindiga ya ce, “Inna, goyo da tsufanki?” Na ce jika ne, zazzaɓi yake, kada iska ta taɓa shi. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaga min sanda.

Zulaihatu ta kwatanta min wata tsamiya bayan gonakin da aka daina nomawa. Can na tarar da mutanen dajin, suka ɗaure min fuska suka ɗora ni a babur. Da aka kwance, na ga bukkoki, da mutane a ɗaɗɗaure da sarƙa kamar awaki, ƙuda na bin wani da ban tabbata yana numfashi ba. Babban nasu bai fi sa'ar Nana Aisha ba. Yana cin gyaɗa ya ce, “Inna, kin makara. Jiya ce Juma'a. Mu ba ma saɓa alƙawari.”

Aka jawo yaronka. An ɗaure mashi rabin fuska da hannun rigarshi, jinin ya bushe har ƙirji. Idon dama suka cire. Wani ya nuna min wuƙar yana dariya, ya ce bai yi ihu sosai ba, jarumi ne.

Ban faɗi ba. Na kwance goyon na ajiye. Yaron ya ja gindi ya zo, yana lalube, wayar farko sai da ya kuskure ramin sau biyu don bai saba auna abu da ido ɗaya ba. Ta kama. Ƙwallo ta fito. Suka hau harbi sama don murna, har waɗanda ke ɗaure suka kwanta da fuska.

Sai babban ya ce, “To ga lafiyayya ta zo. Me kuma za mu yi da makaniki?” Ya ɗora mashi bakin bindiga a kunne. Ba sakinshi yake nufi ba, don yaron ya ga wurinsu ya ga fuskokinsu.

Yaronka bai motsa ba. Ya ce, “Oga, wannan injin sa'arka ce a shekaru. Ka ji fankarta? Ƙurar wurin nan za ta cinye idonta kamar yadda ta cinye na waccan. Ran da ta yi ja, wa zai buɗe maka ita, wannan mai wuƙar?”

Suka kwashe da dariya, har mai wuƙar. Babban ya sauke bindigar ya ce, “Ka iya baki. To zauna. Muddin tana yi kana ci kana sha. Ran da ta mutu ka kasa tashinta, na hagun ya bi ɗan'uwanshi, sannan kai ka bi su.” Ya juyo ya ce in tafi, in na ga dama in riƙa kawo kayan gyara tsamiya.

Suna jan shi na kira sunanshi. Da ƙarfi na kira, a gaban maza. Bai waigo da farko ba, ina jin bai gane da shi ake ba don bai taɓa jin shi a muryata ba. Da na sake, ya juyo da duk jikinshi don ya gan ni ta ɓangaren mai kyau. Ya ce, “Inna, na ƙatuwa. Ki ce wa Oga na ƙatuwa, ko nawa ya samu.”

Hajiya tana zaure da na dawo. Ta ga ni kaɗai, ta tambaya, na gaya mata game da idon. Ta ce, “Da kwana ɗaya na makarar da ke.”

Ka gaya min, idon tsohon gem wata nawa yake yi kafin ya mutu?

Saudatu

Ƙanƙara, Talata

Inna,

Na rufe shago jiya da na karanta takardarki.

Na ƙatuwa babu ko ɗaya a wurina, waɗanda aka kwashe su ne. Na aika cigiya Malumfashi da Funtuwa. Kafin nan ki nema a wajenku. Na roƙi Gwaggo Kyauta har ta yarda ta ɗauki sukurdireba ɗaya a cikin daddawa. A bayan takardar nan na zana miki inda notin suke da yadda ake zare ido ba tare da an tsinka siririyar wayar da ke jikinshi ba. Ki fara koyo a kan gawa. Ido kaɗai ya fi sauƙin ɓoyewa fiye da goyo.

Ki gaida Baba. Ki gaida Hajiya ma.

Istifanus

Ruwan Godiya, ranar Asabar

Ɗana Istifanus,

Ina gaisuwa. Malam ya fara dafa bango. Hamida ta ce ruwa jiya, kalma ɗaya. Sabuwa har yanzu shiru.

Na sami gawa uku, biyu a Sheme ɗaya a nan. Ba wuyar nema. Gidan da aka yi rashin saurayi nake tambaya, can ake samun gem ɗin da ba mai kunnawa. Hajiya ce take raka ni, ita take fara magana da uwayen, ni in jira a waje. Kowacce muna bar mata memorin.

Na farko na tsinka wayar. Na biyu da na uku sun fita lafiya, suna cikin auduga, ban taɓa gilashin ba. Alhamis zan kai su tsamiya.

Na karanta takardarka gaba da baya, ban ga amsar tambayata ba. Na san ka gani. Ɗan ƙas ɗin nan da na ji sau ɗaya a wurin mai chemis, ban gaya wa kowa ba sai kai, kuma yana cikin kunnena ko ina sallah. Kada ka tausaya min. Wata nawa ido yake yi a cikin ƙura? Guda nawa zan tara?

Ka ba Kyauta amsa kafin Laraba.

Saudatu, uwar Mas'ud